Malamin da Ke Jikin Leda

 

An ba mu dama mu yi magana a kan wani malami da ba ya cikin rajistar ƙungiyarmu, ba ya jiran albashi, amma kullum yana koyar da ɗalibanmu. Shi ne zanen nan mai murmushi da ke jikin ledar biskit da alewa da taliyar yara da robar lemo.

Dabarar ta daɗe. A 1963 kamfanin McDonald's na Amurka ya fito da wani ɗan barkwanci mai suna Ronald McDonald domin ya shiga zukatan yara. A 2011 ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan lafiya suka rubuta wa kamfanin takarda suna neman a yi masa ritaya, kamfanin ya ƙi. McDonald's ba shi da shago a Najeriya, amma dabarar ta iso mu. Indomie tana da jarumanta na zane da ake kira Indomitables, tana kuma da kulob na yara da ke shiga makarantu. Duk wanda ya ratsa kasuwar Mai'adua ran Lahadi, ko ya tsaya gaban mai tebur a bakin makaranta, zai ga irin waɗannan fuskoki birjik.

Abin da ya sa dabarar ke ci shi ne, yaron da bai kai shekara 8 ba da wuya ya gane cewa mai talla ciniki yake nema. Shi dai aboki ya gani. Sai ya koma gida ya tasa mahaifiyarsa gaba, kuɗin tara ya tafi ga abin da gishiri da sukari suka yi wa yawa, kunun gyaɗa da ɗanwake da fura su zama abin kunya a idonsa.

Wasu ƙasashe sun taka birki. Lardin Kebek na Kanada ya hana tallar da ake nufin yara 'yan ƙasa da shekara 13 da ita tun 1980. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a tsarkake makarantu daga tallar abinci mai yawan maiƙo da sukari da gishiri. A 2016 ƙasar Chile ta cire zanen yara daga kwalayen irin wannan abinci. A nan gida, Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi.

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Kamfanoni suna cewa zaɓi na iyaye ne. Shugaban makarantar da ba shi da alli kuwa, idan aka kawo masa littattafan rubutu kyauta, ko da tambarin kamfani a bangonsu, da wane baki zai ce a mayar? Masu sayarwa a ƙofar makaranta ma iyayen ɗalibanmu ne, da ribar suke riƙe gida. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ranar da muka raba kyautar da hannunmu, yaro zai ɗauka malaminsa ne ya yaba kayan, amanar da iyaye suka ba mu ta koma jarin wani.

Saboda haka muna roƙon reshe ya duba abu uku. Na ɗaya, kada wakilin kamfani ya shiga aji sai da yardar Sakataren Ilimi da kwamitin kula da makaranta. Na biyu, a karɓi gudummawa idan ba a haɗa ta da rabon kayan ci ko gasar tara ledoji ba. Na uku, a darasin kiwon lafiya mu riƙa kawo ledar aji, mu karanta abin da aka rubuta a bayanta tare da yara, mu tambaye su wa ya zana wannan hoto, kuma me yake so a wurinsu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, masu talla sun san haka, mu ma mun sani. Allah Ya raya mana yaranmu cikin lafiya, Ya ba mu ikon sauke nauyin da aka ɗora mana.