Littafin Achebe da gonar wata tsohuwa

 

Malamai, iyaye, yayyena da ƙannena, shugabannin ƙungiya sun ce in yi muku magana kan karatuna. Na karɓa, don duk hutun da na zo gida tambaya ɗaya ake yi mini: wai kai mi kake karantawa a Yamai? In na ce adabin Ingilishi, sai a ce to, tatsuniyar Nasara ke nan. In na ƙara da cewa ina horon parajuris, sai a ce ashe lauya za mu samu. Duk biyun ba haka ba ne.

Na yi firamare a makarantar harshe biyu, Hausa da Faransanci. Da Hausa muka fara koyon karatu da lissafi, daga baya Faransanci ya shigo. A lokacin yaran wasu makarantu suna yi mana dariya, wai mun je lakkwal koyon abin da muka baro gida. Yau ina shekara ta uku a sashen Ingilishi na Jami'ar Abdou Moumouni, can ƙetaren kogi, kuma Hausar nan da aka yi mana dariya a kanta ita ce jarina.

A shekarar farko aka ba mu Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Kowa ya san labarin Okonkwo. Ni abin da ya tsaya mini a rai wasu mutane ne da ba su da ko suna a littafin: masinjojin kotu da tafintocin Bature. Bayan an rushe coci a Umuofia, Baturen mulki ya tsare shugabannin gari shida, ya ɗora tarar buhu 200 na wuri. Da masinjoji suka kai saƙo gari, sai suka ce buhu 250 ne. Hamsin ɗin nasu ne. Mutanen gari ba su jin harshen Bature, shi ma ba ya jin nasu, don haka wanda ke tsakani ya faɗi abin da ya ga dama. A ƙarshen littafin kuma, bayan Okonkwo ya mutu, Baturen yana lissafin cewa labarin mutumin nan zai iya cika sakin layi ɗaya a littafin da yake rubutawa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Shi kuwa parajuris, ba lauya ba ne, ba alƙali ba ne. Ba ya tsayawa gaban kotu don kare kowa, ba ya yanke hukunci, kuma bai kamata ya karɓi ko dala daga hannun wanda ya zo da matsala ba. Aikinsa ya saurara, ya bayyana wa mutum abin da doka ta ce da harshen da yake ji, ya nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kun san dokokinmu da Faransanci aka rubuta su, lauyoyi kuma akasarinsu suna Yamai. A horon da wata ƙungiya ta ba mu ranakun Asabar da lokacin hutu, mun koyi abubuwa irin su: wanda aka tsare a komisariya ko jandarmeri kan laifi na yau da kullum, awa 48 ce, ƙari sai da izinin mai gabatar da ƙara. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa cikin wa'adi ba, sai an bi ta kotu. Talakan da ba ya iya biyan lauya akwai hukumar ANAJJ, wadda dokar 2011 ta kafa. Rikicin gona kuma tun dokar karkara ta 1993 yana da kwamitocinsa, daga ƙauye har zuwa jiha, kuma sarakuna suna fara neman sulhu kafin a kai ga alƙali.

To, a daminar bara aka tura mu gwaji wani ƙauye. Wata tsohuwa ta zo, mijinta ya rasu. A wata shekarar yunwa ya karɓi kuɗi hannun wani maƙwabci ya ba shi gona. Yanzu ɗiyanta sun haɗa kuɗin za su mayar, ɗiyan maƙwabcin sun ce ai saye ne. Ba takarda, kuma cikin shaidu biyu ɗaya ya rasu.

Ta fara tun daga ranar aurenta. Ta faɗi wanda ya sare dajin, ta faɗi shekarar fara, ta yi ta maimaita zancen wata kuka da ke tsakiyar gonar. Ni kuwa ina duba agogo, akwai mutane bakwai a layi. Na ce, "Inna, a taƙaita mana." Ta yi shiru, ta ce, "To, ɗana." Na rubuta layi huɗu da Faransanci, kuma a ciki na sa kalmar da ke nufin an miƙa gona, wadda duk mai karantawa zai ɗauka saye ne.

Da yamma mai horar da mu ta karanta. Ta tambaye ni: aro ne, haya ce, jingina ce, ko sayarwa? Kowanne da takardarsa daban a wurin kwamitin. Na ce ban tabbatar ba. Ta ce, wace magana ce tsohuwar ta fi maimaitawa? Na ce wata kuka. Ta ce, to wa ke ɗibar ganyenta?

Wallahi kunya ta kama ni. A aji, in malami ya ga kalma ta dawo sau uku a shafi, ba ya barin mu sai mun faɗi dalili. Mako biyu muka yi kan tambayar wa ke ba da labari, mi ya ɓoye, wa aka hana magana. Na ci maki mai kyau a wannan jarrabawa. Ga mace a gabana ta maimaita abu sau biyar, na yi mata sakin layi ɗaya kamar Baturen Achebe. Ban ci hamsin ɗin kowa ba, amma da takardar nan ta wuce, da gona ce ta tafi ta hannuna.

Washegari na koma gidanta, na zauna a tabarma, na ce, "Inna, ki yi haƙuri, a sake daga farko." Ashe duk shekarun nan ita ke ɗibar ganyen kukar, a gaban kowa, ba wanda ya taɓa hana ta. Wannan ba hujja ba ce da za ta yanke magana, alama ce kawai. Amma ita ta sa aka nemo shaidan da ya rage, aka kai zancen gaban mai gari a matsayin jingina. Na baro su suna kan sulhu.

Ga ku ƙannena masu shirin bak. Haɗa biyun nan yana da tsada. Akwai zangon da makina ya faɗi, na sake jarrabawa ɗaya, don na ba horon lokacin da ya kamata in ba Shakespeare. Kada ku fara a shekarar farko. Ku bari Ingilishinku ya zauna, don wanda ya fito lise da Ingilishin aji yana shan wuya da littafi mai shafi ɗari uku. Kuma ku yi hattara da sunan "lauya" da za a laƙaba muku a unguwa. Yana da daɗi, shi ya sa yake da haɗari. In ba ka sani ba, ka ce ban sani ba, zan tambayo.

Masu cewa Ingilishi ba ya ciyarwa kuma, kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Za a nemi masu iya kai magana tsakanin ukun nan ba tare da ta ragu ko ta ƙaru a hanya ba.

Abu ɗaya nake roƙon ƙungiya. Ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi take, da adalcin mai rubutawa. Malamanmu sun fi ni sanin bayaninta. A hutun nan mai zuwa, mu ware Asabar biyu mu zaga gidajenmu, mu tambayi iyaye: akwai gonar da aka ba da aro ko jingina ba takarda? In akwai, mu raka su wurin mai gari da kwamiti tun shaidu suna raye. Wanda ke so ya ba sakatare sunansa bayan sallar La'asar.