Karfasa da gidan sauro a Kogin Yadzaram

A gaɓar tekunan ƙasashe masu zafi akwai wani ɗan kifi mai baƙaƙen ratsi biyar, wanda namijinsa ke gadin ƙwai a jikin dutse har su ƙyanƙyashe. Mu nan Mubi teku ya yi mana nisa, amma Kogin Yadzaram na da mai irin halinsa, wato karfasa. Wata takan share gurbi a bakin ruwa ta tsare ƙwanta, wata kuwa a baki take goyon 'ya'yanta. A wannan ruwa marar zurfi ne ake jan gidan sauro, wanda aka raba don maganin zazzaɓi, a kwashe uwa da 'ya'ya, wasu ba su kai ɗan yatsa ba.

Za a ce ai talauci ne, mai yunwa ba ya jiran baɗi. Gaskiya ne, amma kwanon ƙananan nan nawa ake sayar da shi? Da an bar su 'yan watanni, kowanne ya isa miya. Wasu kuma su ce ruwan Allah ba ya ƙarewa, alhali Yadzaram kan janye da rani ya bar 'yan kududdufai, nan ne irin yake fakewa. Dokar kamun kifi ta 1992 ta ƙayyade idon koma, sai dai doka daga Abuja ba ta gadin kududdufi. A Argungu, sarkin ruwa ne ke hana taɓa kogin Matan Fada sai ranar bikin kamun kifi, kuma ana jin maganarsa. Masu unguwannin bakin Yadzaram za su iya sa irin wannan hani a watannin da karfasa ke ƙwai.