Tsohon ɗakin da kwamfuta ke bari a baya

  Ina gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, na birni da na ƙauye, tare da malamansu. Ina gaida ajina na Tirmini, waɗanda na san yanzu suna zaune bisa tabarma sun kewaye akwatin rediyo. Ku matso kusa. Mai allo da alli ya ajiye su gabansa, domin yau akwai kalmomin da za mu rubuta.

Hirarmu ta yau a kan kwamfuta ce, wadda wasu ke kira ordinata. Na san wani zai ce, "Malam, ni da jiya-jiya na iya rubuta sunana, ina ruwana da kwamfuta?" Da ruwanka, ɗan'uwa. Takardun ofis da yawa da kake zuwa nema, a kwamfuta ake buga su. Ƙungiyar manoma tana ajiye sunayenku a cikinta. Ƙungiyar mata masu asusu tana ajiye lissafinta a cikinta. Ko ba kai ke danna ta ba, sunanka da kuɗinka suna ciki. In wani ya share abu bisa kuskure, kai ne za ka sha wahala. Saboda haka ya kamata ka san abin da ake yi.

Mu fara daga tushe. Kowace kwamfuta tana da wani babban tsari da ke tafiyar da ita. Shi ne maigida. Shi ke tada ta in an kunna, shi ke nuna rubutu bisa gilashi, shi ke ba kowace takarda wurin zama. Wanda aka fi gani a ƙasarmu sunansa Windows. Wani kamfani na Amurka mai suna Microsoft ke yin sa. Windows 10 ya fito a shekara ta 2015. Windows 11 ya fito a 2021. Ran 14 ga watan Oktoba 2025 kamfanin ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum kamar yadda ya saba. Shi ya sa kuka ga mutane da yawa suna kai na'urorinsu wurin masu gyara a Damagaram, a cire musu na 10 a sa na 11.

To, a nan maganarmu take. In an sa sabon Windows, tsohon ba ya ɓacewa nan take. Kwamfuta tana tattara shi, ta zuba cikin wata jaka, watau dosiye, ta ajiye gefe. Sunan jakar Windows.old. Ku rubuta: W, i, n, d, o, w, s. Sa'an nan ɗigo. Sa'an nan o, l, d. Wannan kalma ta ƙarshe Ingilishi ce, ma'anarta tsoho.

Don me take ajiye shi? Ku tuna yadda muke yi a gida. Mutum ya gina sabon ɗaki, ya yi masa jinka, ya kwashe kaya ya koma. Shin ran nan yake rushe tsohon? A'a. Yana bari ruwan fari ya sauka tukuna. In sabon ya yi yoyo, yana da inda zai kwana da iyalinsa. Haka kwamfuta ta yi. In sabon Windows bai zauna daidai ba, ana iya komawa na da, muddin jakar nan tana nan.

Amma tsohon ɗaki yana cin fili. Rumbun kwamfuta ana auna shi da giga, kamar yadda muke auna hatsi da tiya. Windows 11 ba ya yarda ya shiga na'urar da rumbunta bai kai giga 64 ba. Ita kuwa jakar Windows.old sau da yawa takan wuce giga 10, wani lokaci ta wuce 20. Na'urorin gwanjo da muke saye, da yawa rumbunsu giga 128 ne kawai. Ku yi lissafi da kanku. Ga sabon tsari, ga tsoho, ga takardu da hotuna. Wuri ya ƙure. In ka buɗe inda aka rubuta Ce PC, za ka ga wani layi a ƙarƙashin rumbu mai harafin C. In layin shuɗi ne, da sauran wuri. In ya koma ja, rumbu ya kusa cika. Daga nan na'ura ta fara nauyi, ta ƙi karɓar sabon gyara.

Yanzu ku riƙe wannan lamba: 10. Kwana 10 ne wa'adin. Cikin kwana 10 bayan an sa sabon Windows, hanyar komawa a buɗe take. In sun cika, kwamfuta da kanta takan share tsohon, hanyar kuma ta rufe. Da, farkon fitowar Windows 10, wa'adin wata guda ne. A 2016 aka rage shi. Masu gyara da suka ƙware sun san yadda ake ƙara shi har kwana 60, amma sai an yi haka kafin ya ƙare.

Me za ka yi cikin kwanakin nan? Ka gwada sabon ɗaki. Kada ka kunna ka duba hoto mai kyau ka ce shi ke nan. Ka jona na'urar buga takarda, ka buga shafi ɗaya ka gani. Ka saurari murya, tana fita? Ka buɗe takardar lissafi, tana buɗewa? Mu masu rubutun Hausa muna da wata jarrabawa tamu. Ka rubuta ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, ka ga ko haruffanmu masu lanƙwasa suna fitowa kamar da. In wani abu mai muhimmanci ya ƙi, ga hanyar komawa. Na'urorinmu galibi da Faransanci suke magana. Ka shiga Paramètres, ka shiga Système, ka shiga Récupération, ka nemi Retour en arrière. Watau komawa baya.

Abu na biyu ya fi na fari. Kafin a rushe tsohon ɗaki, ana shiga a duba. Wace tsohuwa ce ba ta taɓa soke kuɗi a jinka ba, ko ta binne wani abu ƙarƙashin randa? Ka buɗe Windows.old, ka nemi jaka mai suna Users ko Utilisateurs. A cikinta akwai sunan mai na'ura. Ka shiga, ka duba Documents, ka duba Images, ka duba Bureau. In an yi canjin ta hanyar da ta dace, takardunka sun riga sun koma sabon wuri, nan ba za ka tarar da kome naka ba. Amma akwai mai gyara da ke ɗora sabon Windows daga kile, ba tare da ya kwaso kayan mutum ba. In haka aka yi, duk takardunka suna nan cikin tsohuwar jaka, ba su da wani wurin zama sai nan. Kana ganin sabon gilashi fes, babu kome, ka ɗauka sun ɓata. Ba su ɓata ba tukuna. Ka kwashe su maza, ka sa a sabon wuri, ka kuma zuba kwafi a kile, watau ɗan abin nan da ake sokawa a gefen na'ura. Kada ka ce sai bayan kasuwa, sai bayan suna. Na'ura ba ta jiran kowa, tana ƙirga kwanakinta.

In ka gwada, ka duba, ka kwashe, sa'an nan sai shara. Wanda rumbunsa ke da wuri, ba dole ya yi kome ba, ya bari wa'adi ya cika. Wanda layinsa ya yi ja, ko wanda kwanaki suka wuce jakar tana nan zaune, shi ne zai ɗauki tsintsiya.

Kada a share da hannu. Wasu sukan kama jakar su jefa a kwandon shara. Na'ura takan ƙi, ta ce ba ka da izini, ko ta share rabi ta bar rabi. Akwai kuma haɗari babba. Kusa da Windows.old akwai wata jaka mai suna Windows kawai, ba ɗigo, ba o, l, d. Wannan ita ce sabon ɗakin da kake ciki. In ka taɓa ta, na'ura na iya ƙin tashi. Kun tuna darasinmu na baki da baƙi? Lanƙwasa ɗaya ta raba su. To, nan ɗigo ɗaya da haruffa uku suka raba abin zubarwa da abin da ke riƙe da gida.

Kwamfuta tana da tsintsiyarta. Ka tabbata batir a cike yake, ko an jona wuta, domin aikin yakan ɗauki lokaci, kuma ba a son ta mutu a tsakiya. Ka shiga Paramètres. Ka shiga Système. Ka shiga Stockage, watau ajiya. Ka danna Fichiers temporaires. Ka ɗan jira, tana ƙirga. Za ta jero maka layuka, kowane da ɗan akwati a gabansa da yawan gigan da ya ci. Wanda muke nema an rubuta masa Installation précédente de Windows, watau Windows ɗin da ya gabata. Ka sa masa alama. Sa'an nan ka danna Supprimer les fichiers. Akwai tsohuwar hanya kuma, mai suna Nettoyage de disque. A can sai ka danna Nettoyer les fichiers système kafin layin ya fito. Duk ɗaya ne. Abin da aka share ta nan ba ya zuwa kwandon shara, balle ka je ka tsinto shi. Ya tafi ke nan.

Yanzu bari in ba ku labarin kaina, ko da yake da kunya. Ajinmu yana da kwamfuta ɗaya, ƴar gwanjo. Bayan kaka aka sa mata Windows 11. Ba a yi mako ba layin ya yi ja. Wani dare bayan darasi na zauna zan yi shara. Na gaji, ga sauro, ga batir yana raguwa. Na ga layuka da akwatuna, na ce duk datti ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na sa musu alama, na danna. Cikinsu akwai layi mai suna Téléchargements. Na iya karanta shi sarai. Ni da na yi makarantar horon malamai! Amma ban tsaya na karanta ba. Wannan jaka ita ce inda duk abin da aka aiko maka, ka sauke, yake zama. Kwamfuta da kanta ba ta sa mata alama, ta bar ta fili da gangan. Ni na sa da hannuna.

Da safe na nemi lissafin asusun matan ajinmu, na wata shida, wanda aka tsara aka aiko mini. Babu. Na nemi sunayen ɗalibai da makin jarrabawarsu. Babu. Ranar rabon asusu kuwa saura kwana tara. Kun san abin da ke faruwa in aka zo rabo, wata ta ce ta zuba, babu shaida. Zumuncin shekaru yana iya tsinkewa a kan dala ɗari.

Na tafi wurin sakatariyar ƙungiya, wata dattijuwa da ta koyi rubutu a ajina bara waccan. Na gaishe ta, na faɗa mata. Ta dube ni ta ce, "Malam, ashe kai ma kana danna abu ba ka karanta ba?" Na ce, "Inna, haka ya faru." Ta shiga ɗaki ta fito da wani littafi a ƙunshe cikin leda. Kowace Juma'a tana rubuta zubin kowa da hannunta, da manyan haruffa masu karkata. Dare huɗu muka yi, tana karantawa ina bugawa. A wuri biyu ma ta gyara mini lamba. Makin jarrabawa kam bai dawo ba, sai da na sake yi wa aji jarrabawa, kuma ba su ji daɗina ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka zo wurin akwatunan nan, ka sa yatsa bisa gilashi ka bi layi-layi kamar yadda muke yi a allo. Téléchargements, ka bar shi fili. Corbeille, shi ne kwandon shara. Kada ka sa masa alama sai ka leƙa ciki ka tabbata babu abin da ya faɗa bisa kuskure. Layin da ba ka gane ba, ka bar shi, ka tambaya. In ba kai ke dannawa ba, ka tsaya kusa da mai gyara ka yi masa tambaya uku. Takardunmu suna ina? An zuba su a kile? Kwana nawa ya rage mu iya komawa? Mai gyaran kirki ba zai ji haushi ba.

Wata ɗaliba ta tambaye ni ko salula ma tana da wannan jaka. A'a, ba za ki ga Windows.old a Tecno ko Itel ɗinki ba, domin tsarinsu dabam ne, sunansa Android. In salula ta ce ta cika, galibi hotuna ne da bidiyo da muryoyin WhatsApp suka taru. Wannan hira ce ta wata rana.

Ga aikin aji na wannan mako. Malami ya rubuta kalmomi biyu a babban allo, ɗaya bisa ɗaya: Windows, da Windows.old. Kowane ɗalibi ya kwafa a allonsa, ya ja layi ƙarƙashin abin da ya bambanta su. Sa'an nan ku rubuta Téléchargements. Doguwa ce, haruffa 15, ku bi ta sannu. Na ƙarshe lissafi ne. An sa sabon Windows ran 3 ga wata. Ran nawa ga wata kwana 10 ke cika? Ku aiko da amsarku ta hannun malaminku, za mu karanta sunayen garuruwan da suka ci.

Sai mako mai zuwa war haka. Ku huta lafiya.