Ciwon Damuwar Mai Jego da Yadda Ake Gane Shi



Ranar suna kowa jariri yake kallo, ba safai akan dubi fuskar mai jego ba. Alhali kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 takan gamu da larurar tunani bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Babu awon jini da ke nuna wannan ciwo. To, yaya ma'aikaciyar lafiya ta karkara take gane shi?

Da farko takan lura da lokaci. Kuka da ƙuncin da kan zo a kwanakin farko sukan wuce kafin mako 2. In suka zarce haka, akwai magana. Rigakafin yaro na mako 6, wanda ya zo daidai da arba'in, dama ce ta duba uwar ita ma.

Na biyu, takan sa ido. Mai jego ba za ta ce "ina da damuwa" ba. Sai dai ta ce ciwon kai, ko kasala, ko barci ya ƙaurace mata ko da yaro ya yi barci. A nan ne al'adarmu kan rufe ciwon, domin akan yaba wa mai haihuwar fari in ta kau da kai daga ɗanta. Amma mai kunya takan ci abinci, ta yi raha da ƙawaye, ta rungumi ɗanta in ido ya ɗauke. Mai ciwon kuwa, ko ita kaɗai ce a ɗaki, babu abin da ke faranta mata rai.

Na uku, takan yi tambaya a keɓe, ba gaban uwar miji ba. Ma'aunin Edinbara na 1987 yana da tambayoyi 10 game da kwanaki 7 da suka wuce, ta ƙarshensu a kan tunanin cutar da kai. Wadda ta amsa da i, a sada ta da likita ran nan.

Ciwon yana warkewa. Binciken da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa a ƙauyukan Rawalpindi ta Pakistan, ma'aikatan lafiya mata sun rage shi ƙwarai ta hanyar zama da iyaye mata suna tattaunawa.

'Yan'uwa, gobe ku ne magidanta, ku ne masu tsara aikin asibitoci. In kun je barka, ku tambayi uwar yadda take, ku kuma tsaya ku ji amsa.