Jawabi A Kan Dokokin Samun Takardar Gaba Da Digiri A Makarantar Zane



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, malamanmu, iyaye da sauran 'yan'uwa fatake, muna yi muku barka da zuwa. Da kwamitin ilmi ya ce mu yi magana a kan karatun yara, sai muka ce ai ba mu ya kamata ba, don mu iyakar karatunmu Islamiyya, daga nan sai rumfar goro. Suka ce a'a, ku abin ya taɓa. To gaskiya ne, jiki magayi.

Bayan haka, maganarmu a kan makarantun koyon zane ne, da takardar nan da ake kira difloma ta gaba da digiri. Kada wani ya ce ina ruwan Bahaushen Sabo da makarantar zane. Sashen zane na Zariya da ake ji da shi a ƙasar nan, a nan Ibadan aka fara shi cikin 1953, kafin a mai da shi Zariya cikin 1955, daga baya ya shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Marigayi Yusuf Grillo, mutumin Ikko, a can Zariya ya yi karatu, ya dawo ya daɗe yana shugabancin makarantar zane ta Kwalejin Yaba. Kuma duk wanda ya juya takardar Naira 20 ya ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Ita kam jami'ar Zariya digirin girmamawa ta ba ta a 1977. Yaranmu ba wanda zai ba su haka, su sai sun bi doka.

Akwai masu jin an ce zane sai gabansu ya faɗi saboda batun gumaka. Wannan ga malamai nan a zaune, ba ma shiga gonarsu. Abin da muka gani da idonmu dai, rassa ne da yawa: akwai fenti da sassaƙa, akwai kuma zanen atamfa da rini, da ginin tangaran, da zanen littattafai da allunan talla. Ɗanmu ɓangaren atamfa ya bi.

Wa ke neman wannan takarda? Galibi yaron da ya gama kwalejin kimiyya da fasaha da babbar difloma, watau HND, ko wanda digirinsa ya fita da ƙaramar daraja, ko wanda ya karanta wani fanni yana son ya sauya. Gada ce ta haurawa zuwa digiri na biyu. Kafin a ɗauke shi za a nemi kiredit biyar na sakandare har da Ingilishi, da takardar bautar ƙasa ko ta yafewa, da takardar jerin makin da ya ci a tsohuwar makarantarsa. Wannan ta ƙarshe makaranta ce ke aika wa makaranta, kuma takan ɗauki lokaci. Tun ran gini ran zane, a fara nemanta tun kafin a buɗe sayar da fom. Wasu sassan kuma sukan ce yaro ya kawo samfurin ayyukan da ya yi da hannunsa su gani.

Shiga ke nan. Inda gizo ke saƙa a zaman ne, kuma nan muke so a ba mu kunne.

Da ɗanmu ya samu shiga, an ba shi wani ɗan littafi na dokoki. Mu ba mu karanta Turanci, shi kuma ya jefa shi cikin jaka. Da azumi ya kawo jiki, kasuwa ta buɗe, ga lodi zuwa Arewa, ga yaron shagonmu ya kwanta ciwo, sai muka buga masa waya muka ce ya zo ya kama mana. A lissafinmu, ai babba ne yanzu, ba ɗan firamare ba da ake kiran suna, zane kuwa ko a tsakar gida sai a yi shi. Yaro mai biyayya, bai yi musu ba. Ya zo ya yi mana mako biyar yana ƙirga huhu.

Ashe a littafin nan an rubuta cewa wanda bai halarci kashi 75 cikin 100 na darussan kwas ba, ba zai zauna jarrabawarsa ba. Aikin ɗakin zane kuma ba a ajiye shi sai ƙarshen zango. Malami yana bi yana dubawa tun daga zanen farko a takarda, zuwa haɗa launi, zuwa bugawa a kan yadi, kowane mataki da makinsa. Da farko mun ji haushi, amma da muka nutsu sai muka ga dalilin. Ko mu nan, in yaro ya kawo mana huhu a ɗaure ba mu ga lokacin da aka zuba goron ba, ai sai mun kwance. In ba a gaban malami aka yi aikin ba, ta yaya zai san ba a kasuwa aka sayo ba?

Kwas biyu aka hana shi. Kwas ɗin kuwa sau ɗaya ake koyar da su a shekara, don haka sai da ya jira zagayowar shekara, muka sake biyan kuɗin makaranta, da na ɗaki, da na yadi da sinadarin rini. Mun zauna mun buga lissafi, ribar lodin nan gaba ɗaya ba ta kai abin da muka sake kashewa ba. Mun je har ofis da babbar riga muna ba da haƙuri. Mutumin ya karɓe mu da mutunci, ya buɗe littafin ya nuna mana layin da yatsa, ya ce Alhaji, da kun rubuto tun farko kun nemi a ɗage masa karatun, da akwai hanya. Laifin namu ne, ba nasu ba.

Don haka ku riƙe wannan. In rashin lafiya ta zo, ko rasuwa, ko kuɗi suka yanke, a rubuta takarda ta bi ta hannun shugaban sashe, a ajiye kwafi. Gaya wa malami da baki a bakin hanya ba ya shiga fayil. Dalili kuwa, karatun yana da wa'adi. A galibin jami'o'inmu mai karatun cikakken lokaci zango biyu ne mafi ƙaranci, huɗu mafi yawa. In wa'adi ya cika bai gama ba, rajistarsa ta faɗi. Kuma kowace shekara sai ya sabunta rajista, ko da aiki ɗaya ya rage masa.

Sa'an nan makin ci a wannan mataki 50 ne cikin 100. Yaron da ya saba tsira da 40 da 'yan kai, a nan faɗuwa ce. Wanda kuma ke da niyyar digiri na biyu, tsira kaɗai ba ta isa ba, sai da sakamako mai kyau.

Daga ƙarshe akwai babban aiki, wanda malami guda ke dubawa. Yaro zai yi ayyukan hannu ya baje kolinsu, ya rubuta bayani a kansu, ya tsaya gaban malamai ya amsa tambayoyi. Kwafar rubutun wani ko zanen wani laifi ne da kan kai ga kora, kuma yanzu akwai na'urar da ke gano rubutun da aka ɗebo daga intanet. Wannan mataki ne mai cin kuɗi, kuma yakan zo daidai lokacin da uba ke ganin ya gama biya. A ware masa nasa tun farko.

Ɗanmu dai Allah ya sa ya gama a cikin wa'adi, da kyar. Roƙonmu ga kwamiti shi ne, duk yaron da ƙungiya za ta tallafa wa, a ce ya kawo littafin dokokin makarantarsa, don kowace da nata, a samu ɗaya daga cikin 'yan bokonmu ya karanta wa uban da Hausa a gaban yaron. Namu littafin mun zo da shi, yana wurin sakatare ga mai son dubawa bayan an tashi.

Allah ya yi wa zuriyarmu albarka.