A KOYA WA 'YA'YANMU NA KWALEJ ZANE DA FASALI

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, malamin lakwal, ya yi a taron ƙungiya bayan kaka



Shugaban ƙungiya, dattawan gari, malamai, iyayenmu mata, samari da 'yan mata, ina gaishe ku da gajiyar kaka. Na gode da aka ba ni wannan lokaci, ni da ban kai a ji bakina gaban manya ba.

Maganar da na zo da ita ta zane ce. Kada iyayenmu mata su ce zanen ɗaurawa nake nufi, kada kuma yara su tsorata su ce zanen bulala ne. Ina nufin abin da ake ce wa desan a lakwal, da kuma fasali, wato mutum ya tsara abu a kansa, ya auna shi, ya fitar da siffarsa, kafin ya sa hannu ya yi shi. Roƙona shi ne ƙungiyarmu ta ɗauki nauyin koya wa yaranmu na kwalej wannan ilimi, kuma malaman da za su koyar su fito daga cikinmu.

ME YA SA 'YAN KWALEJ?

Mu malaman ƙananan aji mun san yaro. Ka ba ɗan shekara 7 ardwaz da alli, kafin ka juya baya ya zana raƙumi da amalanke. Ba wanda ya koya masa. Amma da ya shiga siziyem sai hannun ya mutu. Yaro ya lura da abin da ake ba maki mai yawa, ya lura da abin da babansa ke tambaya in an kawo takardar sakamako, sai ya ce zane wasan yara ne. Kwalej shekara 4 ce, daga siziyem zuwa turwaziyem, kuma a cikin waɗannan shekaru ne idon yaro yake faɗawa, hannunsa yake ƙwari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu faɗa wa juna gaskiya. Ba duk yaron da ya shiga kwalej ne zai samu birbe ba, ba duk mai birbe ne zai wuce lise ba, kuma ba duk wanda ya gama ne gwamnati za ta ɗauka aiki ba. Kowa a nan ya san gidan da yaro ya dawo bayan shekara 2 ko 3. Bai zama ma'aikaci ba, kuma yana jin kunyar zama a rumfar babansa baduku. Ƙarshenta ya tsallaka Maigatari, ya nufi Kano ko Legas, yana tallan ruwa ko ɗaukar kaya. Yarinya kuwa ta dawo ba ta iya saƙar faifan da kakarta ke yi tana hira ba. Mun kai su lakwal don su ƙaru, ba don su rasa nan su rasa can ba.

ABIN DA MUKE DA SHI

Wani zai ce ina muka ga mushen zane a Dungas? Ni kuwa na ce garin nan cike yake da su, ba mu dai kira su da sunan ba ne.

Dubi mai zanen ƙwarya da ƙarfensa mai zafi. Yana raba bayan ƙwarya kashi 8 daidai, ba shi da kompa, ba shi da regil. Dubi mai saƙar faifai. In ta ɓata lissafin launi a zagaye ɗaya, adon ba zai haɗu ba in ta kewayo, kuma ta san haka tun kafin ta fara. Dubi mai ɗinkin babbar riga da ke fitar da aska biyu ko aska takwas, da mai ɗinkin hula, da mai saƙar tabarmar kaba, da mai ƙunshi da ke zana lalle iri ɗaya a hannun dama da na hagu. Dubi malamin da ke yi wa allon sauka zayyana. Duk waɗannan fasali suke yi.

Wanda ya je Damagaram ya ratsa unguwar Birni ya ga gidajen ƙasa da aka yi wa fuskarsu ado, da dagi da sauran zane. Baƙi daga Faransa da Jamus sun sha zuwa suna ɗaukar hotonsu. Tukwanen Mirya sun yi suna a ƙasar nan, haka ma aikin fata na dukawan Damagaram. Ba daga Turai aka kawo mana wannan ba.

Amma ku dubi kasuwa. Robar Kano ta kori ƙwarya, tabarmar leda ta kori ta kaba. Ba na zargin mai saye, talaka araha yake bi. Abin da nake cewa shi ne: sana'ar da ba ta sake fasali ba, wadda yara masu karatu suka guje ta, za ta bi tsofaffinta kabari.

WAƊANDA SUKA RIGA MU

Bari in kawo misalai, don kada a ce mafarkin ɗan lakwal ne.

A garin Yama, cikin jihar Tawa, wani manomi magini mai suna Falke Barmu ya fara ginin masallacin Juma'a da ƙasa a 1962. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine mafi kyau a ƙasashen Musulmi. Tun kafin shi, a Zariya, Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, har yau masu karatun gini suna nazarin bakan gizonsa.

A garin Dandaji, shi ma cikin jihar Tawa, wata 'yar Nijar, Mariam Issoufou, wadda ta fara da karatun kwamfuta kafin ta koma karatun fasalin gini a Amurka, ta tsara sabon masallaci tare da abokiyar aikinta, aka mayar da tsohon ɗakin karatu. An gama aikin a 2018, da bulon ƙasa, da hannun maginan wurin. Ga karatun boko, ga ilimin gida, sun haɗu a gini ɗaya. Abin da nake nema wa yaranmu ke nan.

A Zariya kuma, a 1958, wasu ɗalibai masu koyon zane, cikinsu da Uche Okeke da Yusuf Grillo, suka ga ana koya musu zane irin na Turawa zalla. Suka kafa ƙungiya, suka ce kowa ya koma ya nemo adon garinsu ya haɗa da abin da ya koya a aji. Daga cikinsu ne manyan masu zanen Najeriya suka fito.

Mu nan bakin iyaka naira ba baƙuwarmu ba ce. Ku juya takardar naira 20, za ku ga mace tana ginin tukunya. Sunanta Ladi Kwali. Ba ta yi boko ba, tukunya ce ta kai ta Ingila da Amurka, ta kuma sa hotonta a kuɗin ƙasa. A nan gida, gidan tarihi na Yamai da aka buɗe a 1959, wanda ke ɗauke da sunan Bubu Hama, ya ware wa maƙera da dukawa da masaƙa wurin aiki. Alphadi, mai tsara tufafi, ya buɗe bikin FIMA a hamadar Agadas a 1998, duniya ta zo kallon ɗinkin Afirka.

ME ZA A KOYA, KUMA DA ME?

Ba na neman a sayo fenti daga Yamai. Ga abin da nake gani.

Na farko, a koya wa yaro kallo. A ajiye tulu a gabansa, ya auna da ido: tsawon wuyan nawa ne cikin tsawon tulun? Faɗin baki nawa ne cikin faɗin ciki? Yaro ya zana abin da ya gani, ba abin da yake zato ba. Wanda ya iya wannan, gobe in ya zama tela ko kafinta, ba zai ɓata wa mutane kaya ba.

Na biyu, awo. Ƙusa da igiya sun isa kompa. A kafa ƙusa, a zagaya da igiya a fitar da da'ira a ƙasa. In aka ɗauki tsawon igiyar nan aka bi bakin da'irar da shi, sau 6 cif za a dawo inda aka fara. Daga nan tauraro mai kai 6 ya fito. Haka in aka auna igiya kamu 3, kamu 4 da kamu 5 aka haɗa bakinsu, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce kusurwar ɗaki da ba ta karkace ba. Wannan shi ne darasin Pitagor da yara ke haddacewa suna kuka a kwalej. In magini ya nuna musu a fili da igiyarsa, ba za su manta ba. Don haka iyayen da ke tsoron kada zane ya ci lokacin lissafi su kwantar da hankali, zane lissafi ne da ake gani da ido.

Na uku, adon gida. Kowane yaro ya samu kaye guda, ya bi tsofaffin unguwarsu, ya zana adon ƙwarya, na faifai, na hula, na sirdi, ya rubuta sunan kowane ado kamar yadda mai shi ya faɗa, da Hausa. Ranar da tsohuwa ta rasu, adonta yana nan a rubuce.

Na huɗu, launi. Gawayi da ƙaro suna ba da baƙi, kamar tawadar makarantar allo. Akwai jar ƙasa, akwai farar ƙasa. Karan dafi yana ba dukawa ja, baba yana ba marina shuɗi. Takardar buhun siminti ta isa a yi zane a kanta.

Na biyar, kuma shi ne babba, yaro ya tsara sabon abu mai amfani. Tun da Dungas ta zama department a 2011 gine-gine da shaguna suke ƙaruwa. Wa ke rubuta allunansu? Wa ke fitar wa mai walda fasalin ƙofa? Iyayenmu mata suna yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da kantun riɗi, suna zubawa a kwalba da leda ba suna, ba alama. A ce wa yaro ya zana musu tambari. A ce wa yarinya ta tsara jakar kaba da za ta ɗauki kaye da littafi, ko ta fata da za ta ɗauki salula. Wanda hannunsa ya faɗa a takarda, in ya samu kwamfuta gobe, ba zai sha wuya ba, don na'ura ba ta ba mutum ido.

MAGANAR HOTO

Na san wasu dattawa suna da damuwa a kan zanen abu mai rai. Ban zo in yi fatawa ba, ga malamai nan zaune, su ne masu wannan fage. Abin da zan ce kawai, duk abin da na lissafa, da'ira ne, da kusurwa, da dagi, da tulu, da ƙofa, da rubutu. Irin adon da ke jikin masallatanmu da allunan saukarmu ne. Ina ma roƙon a sa malami mai zayyana cikin masu koyarwa, kuma a nuna wa malamai tsarin kafin a fara.

ABIN DA NAKE ROƘON ƘUNGIYA

1. A naɗa mutum 3, da mace a cikinsu, su je su ga darektan kwalej, a nemi yardarsa, a tsayar da yamma ɗaya a mako wadda ba ta taɓa lokacin aji ba.

2. A fara da mako 12 na lokacin sanyi, kafin zafi da shirin jarrabawa su matso. Yara 30 sun isa gwaji, rabi maza rabi mata.

3. A zaɓi masu sana'a 4: magini, baduku, mai saƙa da mai ɗinki. Kowa ya ɗauki mako 3, mushe ɗaya yana gefensa yana haɗa abin da darasin aji. Ni na ba da yammata kyauta, kuma na san akwai abokan aiki da za su bayar.

4. Masu sana'a kuwa kada a ce su yi kyauta. Wanda ya bar rumfarsa ya bar cinikinsa. A yanka musu wani abu daga asusu, ko da jika ɗaya ce kowane zama. Ranar da yaro ya ga an biya babansa baduku don ya koyar, ranar zai daina jin kunyar rumfar.

5. A ƙarshe a baje aikin yaran ranar kasuwa, kowa ya gani. Gani ya kori ji. Abin da aka sayar, rabi na yaro, rabi a sayi kayan baɗi.

Iyayena, in ba mu yi ba, ba wanda zai taso daga Yamai ya yi mana. Tsofaffin da suka san wannan aiki suna nan da ransu bana, ba mu san baɗi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon shugaba ya sa maganar cikin abin da za a yanke yau, a naɗa mutum ukun nan kafin a tashi.

Inda na yi wa manya tsawon baki a gafarce ni. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a hannuwansu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.