Ɗora Tayil Kan Tsohuwar Fomaika



Da yawanmu nan Unguwar Dosa kantar kicinmu ta fomaika ta tsufa, muna son ɗora mata tayil. Yana yiwuwa, amma da sharaɗi.

Da farko a danna katakon da ke gefen wurin wanke-wanke. In ruwa ya kumbura shi, a cire duka, don tayil kan ruɓaɓɓen katako tsagewa yake yi, kuɗi su tafi a banza. In da ƙwarinsa, a wanke maiƙo, a goge da samfefa, domin fomaika santsi gare ta, siminti ba ya kama ta. Sai a shafa gam ɗin tayil, a jira awa 24 kafin a cike tsakaninsu.

Allah ya sa mu dace.